Lamba Biyu-Biyu a Gilashin Alhaji

Ranar Laraba, liman bai ma gama lazimin asuba ba, waya ta shigo caji ofis ɗin Tanjung Remis. Mota ta buge mutum a kwanar gonar roba, kuma jama'a sun kama direba suna neman su aika shi lahira.

Sufeto Shafawi ya ajiye kofin shayinsa ya miƙe. Dogo ne, maganarsa ba ta da yawa, irin mutumin nan da in ya tsura maka ido sai ka fara tuno laifin da ka yi tun kana goye. Saje Ramlah ta bi bayansa tana gyara hijabi.

Ko da suka isa an riga an rufe gawar da zane. Pak Lateh ne. Duk garin ba wanda bai san shi ba. Kullum da asuba shi ke ɗaukar shinkafar da matarsa ta dafa ta ƙunsa a ganyen ayaba, ya kai wa mai shayin kasuwa a kan kekensa. Tsoho ne da bai taɓa kwana da haƙƙin wani a wuyansa ba, ko gaisuwa ka yi masa sai ya rama da biyu. Ga keken can ya lanƙwashe, ga shinkafa a watse a titi, kaji har sun fara tsattsaga.

A gefe wata tipar yashi na tsaye. Direbanta na zaune a ƙasa, ido ɗaya ya kumbura suntum, riga sharkaf da jini. Kupusami sunansa, baƙo ne, daga wata jiha yake kawo yashi.

"Shi ne, Yallaɓai!" in ji wani saurayi. "Muna fitowa daga masallaci muka same shi durƙushe a kan gawar."

"Ka ga lokacin da ya buge shi?"

"Sai na gani? Ga jini a jikinsa!"

"Mahauci ma da jini a jikinsa," in ji Sufeto. "Matsa."

Ya zagaya tipar yana shafa gabanta da tafin hannu. Ƙura ce kawai, ba lotsawa, ba ƙwarzane. Ya dawo ya ɗaga zanen. Ƙafar tsohon ta karye a ƙasan gwiwa, alhali ƙarfen gaban tipar ya kai wa mutum ƙirji. Ya sa yatsa cikin furfurar mamacin, ya fito da wani abu ɗan mitsitsi yana ƙyalli.

"Gilashi," in ji Saje Ramlah a hankali.

Duk suka ɗaga kai suka dubi gilashin tipar. Lafiyarsa ƙalau.

Amma fa jama'a ba su ga wannan ba. Sun cika ƙofar caji ofis har azahar, sai da shugaban ofis ya fito ya yi musu alkawarin ranar Lahadi, da kotu ta zauna, za a gurfanar da direban. Da ya koma ciki ya kira Sufeto.

"Shafawi, gari ya ɗau zafi. Ga mutum a hannu, ga shaidu. Kada ka tono min abin da zai hana ni barci."

"Ranka ya daɗe, ba shi ba ne."

"To kawo min wanda shi ne kafin Lahadi. In ba haka ba, da wannan za a je."

Sufeto ya sa aka fito da Kupusami daga sel. Mutumin na zama ya fashe da kuka, wai 'ya'yansa mata uku, babbar ma an sa ranar aurenta, in aka ɗaure shi wa zai kai ta.

"Bar kukan nan, ba ya fitar da mutum daga sel. Me ka gani?"

"Yallaɓai, ina shawo kwana wata farar mota ta wuce ni kamar iska. Babba ce. Ina ƙarasawa na ga tsoho a kwance."

"Lamba?"

"Duhu ne."

"Mai tuƙin fa, mace ko namiji?"

"Ban gani ba. Gilashin ya farfashe kamar saƙar gizo." Ya ɗago kai. "Amma akwai wani abu. In na faɗa za ka ce giya na sha."

"Ka sha?"

"Na rantse da 'ya'yana ban sha ba. Daga saman tipa ina hango ƙasa. Wani koren haske ne yake bin tsagar gilashin, a gaban direba, kamar an zuba masa wuta."

Suna fitowa Saje Ramlah ta tafa hannu.

"Yallaɓai, wannan ai motar Alhaji Derahim ce, mai injin casar shinkafa! Irin wadda lambar gudun mota ke fitowa da koren haske a jikin gilashi, ba sai ka sunkuya ka duba ba. Ranar bikin 'yarsa ɗaya bayan ɗaya ya dinga kiran mutane suna zama a kujerar direba suna kallo. Har ni ya kira."

"Kika zauna?"

"Me zai hana? Na zauna mana, kyauta ce."

Washegari da la'asar suka je gidan. Alhaji Derahim ya tarbe su a baranda, ƙato ne, tsawonsu ɗaya da Sufeto. Da ya ji abin da ya kawo su sai ya yi dariya.

"Ni? Tun Litinin ina Kuala Lumpur wurin taron masu shinkafa, sai jiya da magariba jirgi ya sauke ni. Ga hotuna a waya. Motar kuwa ga ta can, je ka duba. In ka ga ko ƙwarzanen farce, ka tafi da ita."

Matarsa, Hajiya Sepiah, ta kawo shayi da soyayyar ayaba. 'Yar guntuwa ce, ta ja hijabi har ya kusa rufe mata gira. Ta gaishe su cikin ladabi, ta koma bakin ƙofa ta tsaya.

"In Alhaji ba ya nan, wa ke taɓa motar?"

"Seman, direbanmu," in ji Hajiya. "Shi ma wanki kawai yake yi mata. Ba inda ta je."

"Hajiya ba ta tuƙi?"

Alhaji ya sake ƙyalƙyalewa. "Wannan? Ko keke ba ta iya ba. Ni na hana ta koyo."

Motar na ƙarƙashin rumfa, fara fat, gilashi sai sheƙi yake. Sufeto ya buɗe ƙofa, ƙamshin ganyen pandan ya doki hancinsa. An cika ƙarƙashin kujeru da shi dami-dami, ɗanye shar. Mutum kan sa ganye biyu uku don ƙamshi, amma wannan kamar za a dafa wa gari shinkafa, ko kuwa ana son danne wani wari ne.

"Alhaji, a ɗan tayar min da ita."

Alhaji ya zaro makulli daga aljihu ya ba shi. Injin na tashi, korayen lambobi suka bayyana a gilashin, daidai saitin ido. Sufeto ya ƙifta ido, ya sake dubawa. Kowace lamba da 'yar'uwarta a sama kaɗan, dishi-dishi, kamar inuwa.

"Haka take nunawa kullum?"

Dariyar Alhaji ta ragu. "Kai ma ka gani? Yau da safe da zan tafi inji na ga lamba biyu-biyu. Na ce wa Hajiya suga ne ya fara taɓa min ido, har ta sa na bar shan shayi."

"In suga ne, Alhaji, to ni ma yanzu na kamu."

Ya fito ya danna farce a bakin gilashin, inda ya haɗu da jikin mota. Farcen ya nutse. Ya ɗago shi da baƙin danƙo.

Alhaji ya matso yana ƙare wa gilashin kallo, sai ya nuna saman kusurwa. "Ina addu'ar tafiya da na manna a nan? Daga Makka na zo da ita."

"Wurin wanki ta ɓalle," Hajiya ta amsa daga bakin ƙofa, tun bai rufe baki ba.

Sufeto ya mayar wa Alhaji makullinsa. Ya yi godiyar shayi, suka tafi.

Mai sa gilashin mota ɗaya ne a garin, Ah Hok, Basine ne amma a nan aka binne cibiyarsa. Suka same shi da safiyar Juma'a ya ɗaga ƙofar shago rabi, yana cin taliya.

"Yallaɓai! Gilashin motar ofis ne ya tsage? In 'yar tsaguwa ce, allura zan yi mata in cika da danƙo, ba sai an canza ba."

"Motar Alhaji Derahim na zo tambaya."

"Wace? Ai ni ba na taɓa irin waɗannan. Sai kamfani."

"Saboda me?"

Ah Hok ya saki jiki, don an tambaye shi abin da ba zai ƙone shi ba. "Gilashinsu daban ne. Falle biyu ne da leda a tsakani, kamar kowane, amma ledarsu ta fi kauri daga sama, tana sirancewa zuwa ƙasa. Ita ke haɗa hasken wuri ɗaya. Sai an aika Kuala Lumpur da lambar jikin mota, a jira, a zo a saita kyamara. Dogon aiki ne."

"In mutum ba ya son jira, kuma ba ya son kamfani su sani fa?"

Ah Hok ya tsaya da taunar taliya.

"In aka sa mata gilashi irin na kowa, me zai faru?"

"Ni ina zan sani..."

"Lamba za ta fito biyu-biyu, ko? Na zauna a ciki jiya, Ah Hok. Danƙonka ma bai bushe ba, ga shi a farcena. Mutum ya mutu, wani kuma yana sel a kan abin da bai yi ba. In ka fi son ka taya shi zama, akwai wuri."

Ah Hok ya ture kwanon. Goshinsa ya tsatso da gumi.

"Seman ne ya kawo ta, Laraba da hantsi, ta ƙofar baya. Ya ce saniya ya buge, yana tsoron Alhaji ya kore shi. Na ce masa lamba za ta rabu, ya ce in dai sa, kafin maigida ya sauka. Fitila da ƙarfen gaba ba su ji komai ba sosai, na goge su."

"Tsohon gilashin fa?"

"Ya ce in farfasa shi in zubar a juji."

Sufeto ya tuna jiya Alhamis ce. Motar shara tana zuwa ne kowace Alhamis.

"Ka zubar?"

Ah Hok ya tashi, ya ja su bayan shago. Can saman wata kanta, nesa da ƙasa, ga wani abu a nannaɗe cikin tsohon bargo.

"Na ɗaga guduma ke nan sai na ga rubutunku a kusurwa. Na yi ƙoƙarin ɓare shi, ya ƙi, gilashin ya tsage ta ƙarƙashinsa. Yallaɓai, ni ba na salla, amma tun ina yaro nake cin shinkafa da Musulmi. Sunan Allah a juji, tare da ƙashin alade? Ba da hannuna ba. Jira nake a sauko Juma'a in tambayi liman yadda ake yi da shi."

Suka sauko da shi su biyu. Daga waje ya lotsa ciki a ɓangaren fasinja, ga furfura maƙale a tsagar, ga busasshen jini.

"Saniya mai furfura," in ji Sufeto.

Saje Ramlah ta zagaya ta ciki. A ɓangaren direba, can ƙasa-ƙasa, akwai wani farin tabo kamar faɗin tafin yaro. Ta dangwala da ɗan yatsa, ta murza, ta kai hanci. Ta ɗago ta dubi Sufeto, ba dariya a fuskarta yanzu.

"Hodar shinkafa ce, Yallaɓai. Wadda muke kwaɓawa da ruwa mu shafa a fuska mu kwana da ita."

Bayan an sauko daga masallaci suka koma gidan Alhaji, gilashin na bayan motar 'yan sanda. Tun ba su zauna ba wani dogon tsoho siriri ya fito daga bayan gida, ya miƙo hannayensa biyu.

"Ni ne Seman. Ni na buge shi. Ku tafi da ni."

Alhaji ya zabura. "Kai! Shekara nawa ina ciyar da kai, ka sace min mota ka kashe mutum?"

"Dakata, Alhaji," in ji Sufeto. "Baba Seman, ina za ka da asubar?"

"Kasuwa. Sayen kifi."

"Da motar maigida? Babur ɗinka fa?"

"Ya lalace."

"Wancan da ke jingine injinsa na huci, na waye?"

Seman ya sunkuyar da kai. Kowa a garin ya san lokacin da matarsa ta kwanta ciwon ajali, Hajiya Sepiah ce ta yi jinyarta, ita ta yi mata wanka. Alheri kuwa ya fi kowane bashi nauyi, don shi ba a san ranar da ake gama biyansa ba.

"Alhaji, makullinka ya bi ka Kuala Lumpur?"

"Ba ya barin aljihuna."

"To a kawo na biyun."

Ba wanda ya motsa. Sai da Alhaji ya daka tsawa, sannan Hajiya ta shiga ɗaki ta fito da shi, ta miƙa wa Saje ba tare da ta dube ta ba.

Sufeto ya shiga ya zauna, ya danna. Irin motar nan kowane makulli ya san mai shi, yana mayar da kujera yadda ya saba zama. Kujerar ta yi 'yar ƙara, ta fara tafiya gaba, tana tafiya, har gwiwoyinsa suka tokare da sitiyari, ƙirjinsa ya kusa taɓa shi. Ya dubi gilashi, ba lamba ko ɗaya. Ya ranƙwafa, ya ƙara ranƙwafawa, sai da haɓarsa ta kusa kan sitiyarin sannan korayen lambobin suka fito.

"Baba Seman, zo ka nuna min yadda kake tuƙi a haka."

Seman bai zo ba. Hawaye ne kawai ke bin fuskarsa.

"Kuma ka gaya min wace hodar shinkafa kake shafawa kafin ka kwanta. Wanda ke tuƙin nan bai ɗaura bel ba. Da ya taka birki, goshinsa ya doki gilashi ya bar hoda a jiki."

Saje Ramlah ta matsa kusa da Hajiya, ta yi ƙasa da murya. "Mama, mu shiga ciki ki ɗan ɗaga min hijabi, ni kaɗai."

"Ba sai mun shiga ba."

Hajiya Sepiah ta sa hannu ta ja hijabin baya kaɗan. A goshinta ga kumburi, ya yi baƙi ya fara kore.

Alhaji ya nemi kujera ya zauna daɓas. "Sepiah... ke da ba ki iya tuƙi ba?"

"Na iya. Seman ya koya min, a filin bayan inji, duk sanda ka yi tafiya."

"Ina za ki?"

"Wurin ɗanka." Muryarta ba ta rawa. "Fauzi, da ka ce kada a ƙara ambatar sunansa a gidan nan tun da ƙwaya ta kama shi. Yana wurin malaman da ke yi wa irinsu magani, can bayan dutse. Ba ya cin abincinsu. Ni nake kai masa, in je in dawo kafin gari ya waye, kada wani ya gan ni ya gaya maka. Ranar nan na makara. Ko fuska ban wanke ba. Ina kallon lambar nan tana hawa, ina cewa bari in rage, sai kawai na ji shi a kan gilashi."

"Kin tsaya?" in ji Sufeto.

"Na taka birki. Sai na hango fitilar babbar mota tana tahowa." Ta dubi Alhaji. "Na ce in an gan ni, Alhaji zai san inda nake zuwa. Na ce wanda ke zuwa zai taimake shi."

"Ya taimake shi. Shi ne yake sel tun shekaranjiya."

"Na ji," in ji ta. "Na ji tun ranar."

Saje ba ta sa mata ankwa ba, hannunta kawai ta riƙe har mota. Seman ma aka ce ya shiga, don ɓoye laifi shi ma laifi ne. Alhaji na zaune a baranda, ko kai bai ɗaga ba.

A caji ofis, shugaban ofis ya dubi gilashin, ya dubi goshin Hajiya, ya ce a buɗe sel. Aka fito da Kupusami daidai lokacin da ake tsayar da Hajiya a gaban kantar 'yan sanda. Ana miƙa masa bel ɗinsa da makullin tipa, ya dubi matar, ya dubi Sufeto.

"Ita ce?"

"Ita ce."

Hajiya ta juyo. Karon farko ke nan da muryarta ta karye.

"Bawan Allah, ka yafe min. Ka gaya min abu ɗaya. Nan take ya cika, ko? Bai sha wahala ba?"

Kupusami ya daɗe yana jujjuya makullin a hannunsa.

"Bai cika nan take ba, Hajiya. Na ɗora kansa a cinyata. Ya riƙe min riga, bakinsa na motsi, harshen ya ƙi. Da ƙyar ya ce in tuna masa kalmar nan da kuke faɗa wa mai mutuwa. Ni kuwa ba addinina ba ne, ban iya ta ba. Na dinga ihu ko wani zai zo, ba kowa a titin." Ya goge idonsa mai lafiyar da bayan hannu. "Ke ai kin iya ta."

Hajiya ta rufe fuska da hijabinta. Saje Ramlah ta kama kafaɗarta, ta juya ta, suka nufi ɗakin mata.